Hanyar Iska a Gidajen Kafanchan: Nasiha ga Masu Tasowa

Babban mutum yana shaƙar iskar da ta haura lita 10,000 a kowace rana, kuma kaso mai yawa daga cikinta a ɗaki yake shaƙarta, musamman a sa'o'in barci, lokacin da ƙofa take kulle, taga take rufe, babu kuma wanda ke farke balle ya lura da abin da ke shiga ƙirjinsa. Jama'a sun saba da bincikar tsaftar ruwan sha da ta abinci, domin ido yana ganin laka a ruwa, harshe kuma yana gane tuwon da ya yi tsami, amma mafi munin abubuwan da ke gurɓata iskar ɗaki ba su da launi, wasunsu ko wari ba su da shi. Matasan Kafanchan da na garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Manchok da Gidan Waya, su ne ke kama ɗakin haya don karatu ko aiki, su ne ke koyon gini da kafinta da walda, su ne kuma ke yin aure su kafa sabbin gidaje, saboda haka yawancin ɗakunan da za a kwana a cikinsu nan da shekara talatin a hannunsu za a tsara su. Abin da ya kamata su riƙe tun yanzu shi ne cewa ɗaki yana buƙatar mashigar iska da mafitarta, kuma ana yanke wannan hukunci ne ranar da ake jera bulo, tun kafin a sayi gado ko labule.

Yanayin kudancin Kaduna ya ba wannan batu nauyi na musamman. Kafanchan, wadda ta bunƙasa a shekarun 1920 a matsayin mahaɗar layukan jirgin ƙasa da suka nufi Fatakwal da Kaduna da Jos, tana zaune ne kusa da gindin tudun Jos, inda tsaunukan Kagoro ke tare gizagizai, ruwan sama kuma yakan kai milimita 1,500 a shekara, wato kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Daga Afrilu zuwa Oktoba iska tana busowa ne daga kudu maso yamma ɗauke da laimar teku, bango ya jiƙe, tufafi su ƙi bushewa, girki kuma ya koma cikin ɗaki don gudun ruwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ke saukowa daga arewa maso gabas da ƙurar Sahara, wadda babban kasonta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tare da sanyin asuba mai sa mutane su toshe kowace kafa su kwana da kaskon wuta. Ta haka kowane rabin shekara yana da dalilinsa na rufe ɗaki, kuma kowane dalili yana da gaskiyarsa, shi ya sa nasihar da ta tsaya ga cewa a buɗe taga kawai ba ta kan yi tasiri ba.

Tsofaffin gidajen yankin, na Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da na Hausawa da Fulanin da suka zauna tare da su, an gina su ne da ƙasa aka yi musu jinkar ciyawa, kuma ko da yake ƙofofinsu gajeru ne, tagoginsu kuma ƙanana ko babu su sam, hayaƙi yana tsiyayewa ta cikin ciyawa da ta ratar da ke tsakanin kan bango da jinka. Kada a ɗauka waɗannan ɗakuna sun kasance masu lafiya ƙwarai, domin baƙin kunkunniyar da ke manne a rufinsu shaida ne na abin da mazauna suka shaƙa tsawon rayuwarsu. Sai dai sauyin da aka samu ya zo da nasa lahani da ba a cika lura da shi ba: an maye gurbin ƙasa da bulon siminti, ciyawa da kwano, an toshe ratar saman bango, an buga silin, an sa taga guda a bangon gaba, amma wutar itace da ta gawayi da fitilar kananzir ba su bar gidan ba, har ma an ƙara musu janareta. Gida ya zama mai riƙe iska fiye da dā, alhali abubuwan da ke gurɓata ta sun ƙaru. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da tsadar rayuwar da ta biyo baya, iyalai da dama da suka fara girki da gas sun koma ga gawayi da itace, kuma da yawa suna hura su ne a kicin ɗin da aka gina don gas, mai taga ƙarama da silin a rufe.

Hayaƙin itace cakuɗe ne na abubuwa da yawa, amma wanda masana suka fi damuwa da shi shi ne ƙananan ɓurɓushin da suke kira PM2.5, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikromita 2.5 ba, kimanin kashi ɗaya cikin talatin na kaurin gashin kai. Saboda ƙanƙantarsu gashin hanci da majina ba sa tare su, sai su gangara har ƙarshen huhu, wasu su ratsa cikin jini, inda suke da hannu a ciwon namoniya ga yara, da ciwon huhu mai daɗewa, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki ga manya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, fiye da 237,000 daga cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ta kuma bayyana cewa a gidan da ba shi da mafitar hayaƙi yawan wannan ɓurɓushi kan iya ninka abin da aka amince da shi sau ɗari. Waɗanda suka fi shan wannan hayaƙi sanannu ne a kowane gida: mace mai girki, da 'yan matan da ke taya ta, da jaririn da ke goye a bayanta, wanda numfashinsa ya fi na babba sauri, huhunsa kuma bai gama ƙwari ba. Yana da amfani matashiya ta san ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi, cewa yaro mai tari da ke tsakanin wata 2 zuwa 11 idan numfashinsa ya kai 50 a minti guda, ko mai shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, ana zaton namoniya, kuma asibiti ya kamata a nufa da shi.

An gwada amfanin fitar da hayaƙi a aikace. A tsaunukan ƙasar Gwatamala, inda ake girki da itace a ɗaki saboda sanyi, masu bincike sun raba wa wasu gidaje murhu mai bututun hayaƙi suka bar wasu da murhun gargajiya, sakamakon da aka buga a 2011 kuma ya nuna cewa hayaƙin da yara ke shaƙa ya ragu da kusan rabi, namoniya mai tsanani kuma ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan riba ce babba, amma rabin hayaƙin da ya saura bai daina cutarwa ba, abin da ke nuna cewa matakin farko shi ne rage hayaƙin tun daga tushe, sannan a nema wa ragowar hanya. A aikace wannan yana nufin a ware madafa daga ɗakin kwana, a yi ta rumfa mai rufi da buɗaɗɗun gefuna biyu a ƙalla, yadda ruwan damina ba zai tilasta a koma ɗaki ba. A tanadi itace tun da rani a ajiye shi a ƙarƙashin rufi, domin ɗanyen itace ko jiƙaƙƙe ya fi busasshe hayaƙi nesa ba kusa ba. A kuma daina hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba, al'adar da ta yaɗu a garuruwa wadda ke ƙara wa hayaƙin guba. Idan madafar mai bango ce, a bar mata kafa a can sama kusa da rufi, domin hayaƙi mai zafi sama yake yi, tagar da ke daidai ƙirji kuwa takan bar shi ya taru a saman kan mai girki. Mai gas ma bai kuɓuta gaba ɗaya ba, domin harshen gas yana fitar da wasu iskoki masu tsokanar asma, saboda haka tagar kicin a buɗe ya kamata ta kasance duk lokacin da tukunya ke kan wuta.

Akwai kuma gubar da ba ta jiran shekaru. Kabon monoksaid iska ce da ke fitowa duk inda wani abu ya ƙone ba tare da isasshiyar iska ba, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana manne wa himoglobin, wato sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, ta yadda jini ke ci gaba da zagaya jiki alhali ya daina ciyar da ƙwaƙwalwa da zuciya. Alamunta na farko, ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, wanda ke barci kuwa ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu. Jaridun Najeriya sun sha kawo labarin iyalin da aka tarar duka sun rasu a dare ɗaya, janareta na ajiye a baranda ko a lungun da ke tsakanin ɗakuna, kuma sau da yawa zargi kan fara faɗawa kan abincin da aka ci ko kan wani maƙiyi kafin a gane gaskiya. Garwashin gawayi ya fi yaudara, domin idan ya yi ja ya daina hayaƙi sai a ɗauka ya zama lafiya, alhali yana ci gaba da fitar da wannan guba har ya mutu. A nan buɗe taga ba magani ba ne, kuma wajibi ne matashi ya fahimci iyakar abin da iska ke iya yi: janareta wajensa waje, nesa da ƙofa da taga da kimanin mita 6 kamar yadda hukumomin lafiya na Amurka ke ba da shawara, bakin salansarsa yana kallon nesa da gida, idan kuwa tsoron ɓarawo ne ke sa a jawo shi ciki, kejin ƙarfe da sarƙa sun fi arha. Kaskon jin ɗumi kuma, ko na tsoho ne ko na mai jego, a fitar da shi kafin a kwanta, a ƙara bargo. Wanda ya tarar da mutanen ɗaki guda duk suna ciwon kai tare ko sun sume, ya fara buɗe ƙofa da taga ya fitar da su fili, sannan a garzaya da su asibiti a faɗa wa likita abin da ke ci a ɗakin.

Ƙa'idar motsin iska a ɗaki mai sauƙi ce, ko da yake magina da yawa ba sa kula da ita. Iska ba ta shiga inda ba ta da wurin fita, kamar yadda ruwa ba ya shiga gorar da ke cike, saboda haka ɗaki mai taga ɗaya, ko da babba ce, iskar da ke kusa da tagar kaɗai ke sauyawa. Idan aka yi taga biyu a bangaye masu fuskantar juna, ko aƙalla a bangaye biyu daban, iskar waje takan shiga ta ɗaya ta tura tsohuwar ta ɗayar, kuma a wannan yanki, inda iskar damina ke zuwa daga kudu maso yamma, tagogin da suka bi wannan layi sun fi aiki a watannin da aka fi buƙatarsu. Hanya ta biyu ba ta dogara da kaɗawar iska ba: iska mai ɗumi ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka takan tashi sama, idan ta sami kafa a can ta fice, mai sanyi kuma ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta. Wannan shi ne amfanin bulo mai huda da ake jerawa a saman taga da ƙofa, wanda ake gani a tsofaffin makarantu da coci-coci da masallatai, wanda kuma sabbin gidaje suka yar saboda ana ganin ya tsufa. Haka kuma sararin da ke tsakanin kwano da silin yana buƙatar kafofi masu raga a ɓangarori biyu, in ba haka ba zafin da kwano ya tara da rana sai ya sauko kan masu barci da dare. Tsohuwar ƙa'idar da dokokin gini na wurare da dama suka ɗauka ita ce faɗin tagogi ya kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓen ɗaki, wato ɗaki mai mita 3 da mita 4 yana buƙatar taga da ta kai murabba'in mita 1.2, kuma a ƙasa mai zafi wannan shi ne mafi ƙaranci.

Irin tagar ma yana da muhimmanci. Tagar alminiyon mai zamewa, wadda ta zama alamar gidan zamani, rabinta kawai ke buɗuwa komai aka yi, alhali tagar luba mai faifan gilashi a jere tana buɗe kusan dukkan faɗinta, ana kuma iya karkata faifanta lokacin ruwa iska ta shiga feshi ya tsaya a waje. Fanka kuwa tana juya iskar da ke ɗakin ne, tana sanyaya fata amma ba ta sabunta komai idan an rufe ko'ina.

Babbar hujjar masu rufe taga ita ce sauro, kuma hujja ce mai ƙarfi a ƙasar da ta fi kowace yawan masu mutuwa da zazzaɓin cizon sauro. Sai dai binciken da aka yi a ƙauyukan Gambiya da ɗakunan gwaji ya nuna abin da ba a zata ba: sauro yana bin iskar kabon dayoksaid da mutum ke fitarwa a numfashi ne ya gano inda yake, ɗakin da ke rufe yana tara wannan iska ta riƙa tsiyaya ta ƙananan kafofi tana jawo shi, ɗakin da ke da manyan tagogi masu raga a bangaye biyu kuwa yana watsar da ita, sauron da ke shiga ya ragu, ɗakin kuma ya yi sanyin da ke sa mutum ya jure kwana cikin gidan sauro. Raga mai kyau da ake gyarawa idan ta yage ta fi rufe taga amfani. Abin da ake yi a madadinta kuwa yana da nasa haɗari, domin wani bincike da aka buga a 2003 ya gano cewa maganin sauro na nadi guda ɗaya yana fitar da ɓurɓushin PM2.5 daidai da na taba sigari 75 zuwa 137, kuma akan kunna shi ne a rufaffen ɗaki kusa da kan yara. Fiya-fiya da Sniper sun fi wannan muni, domin sinadarin da ke cikinsu, dikulobos, maganin ƙwarin gona ne mai taɓa jijiyoyi, hukumar NAFDAC kuma ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni da shaguna a 2019. Ɗakin kwana ba wurinsa ba ne.

Cunkoso yana ƙara wa lamarin wani ɓangare, musamman ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, waɗanda kan haɗu su huɗu ko biyar a ɗaki guda. Tarin fuka da ƙyanda suna yaɗuwa ne ta ƙananan ɗigo da ke shawagi a iska tsawon sa'o'i bayan mai ciwon ya yi tari, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. Sanƙarau kuma, wanda annobarsa ta 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 ta kashe fiye da 11,000 a ƙasar nan, ya fi yin ƙarfi a ƙarshen rani, lokacin da ƙura da bushewar iska suka raunana maƙogwaro, mutane kuma suke kwana a cushe. Rigakafi da magani su ne kan gaba a yaƙi da waɗannan cututtuka, amma sauyin iska yana rage yawan ƙwayar cutar da kowa ke shaƙa. A birnin Lima na ƙasar Peru an auna ɗakunan asibitoci takwas a wani bincike da aka buga a 2007, aka tarar buɗe tagogi da ƙofofi yana sauya iskar ɗaki kusan sau 28 a sa'a guda, fiye da ninki biyu na sau 12 da ake nema daga na'urori masu tsada, tsofaffin gine-gine masu dogon rufi da manyan tagogi kuma sun kai sau 40, sababbi suka tsaya a 17.

Laima ita ce matsalar da ta fi shafar yankin Kafanchan da Kagoro, kuma ita ce aka fi rainawa. Baƙin tabo ko koren da ke fitowa a kusurwar bango da bayan kabad da ƙarƙashin katifa a watan Agusta fumfuna ce, wata halitta mai rai da ke watsa ƙananan iri a iska, kuma jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ta danganta zama a gida mai laima da ƙaruwar tari da asma da ciwon hanyoyin numfashi. Shafa sabon fenti a kai yana ɓoye ta na 'yan makonni kawai. Maganinta a toshe yoyon kwano, a karkatar da ruwan indararo daga gindin bango, a janye kaya daga jikin bango da faɗin tafin hannu, a fitar da katifa rana duk sa'ad da ta leƙo, a kuma guji shanya jiƙaƙƙun tufafi a ɗakin kwana. Haka nan buhunan citta da masara da aka zuba wa maganin ƙwari, da jarkar fetur, da babur ɗin da ake shigarwa falo da zafin injinsa, duk suna da buƙatar wurin ajiya daban.

A lokacin hunturu hikimar tana cikin zaɓen lokaci da gefe. Ranar da hazo ya yi kauri a rufe tagar da ke fuskantar arewa maso gabas a bar ta ɗaya gefen da kafofin sama, a yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗe su, a kuma buɗe ko'ina da hantsi idan sanyi ya sauka, ko da na rabin sa'a ne.

Saura batun tsaro, wanda ba za a yi wa mutanen kudancin Kaduna adalci ba idan aka tsallake shi. Yankin ya sha rikice-rikice tun daga na 1987, kuma wanda ya taɓa kwana cikin fargaba ba za a zarge shi ba idan ya ƙanƙanta taga ya ɗaga katanga. Amma ƙarfen tsaro mai kauri a kan babbar taga yana hana shiga ba tare da hana iska ba, kafofin da ke sama da tsayin mutum ba sa nuna abin da ke ciki, katanga kuma idan aka ba ta tazara daga bangon ɗaki tana barin iska ta zagaya. Mai neman ɗakin haya ya ƙirga bangayen da ke da taga kafin ya tambayi kuɗi, ya duba inda maƙwabta ke ajiye janareta da inda ake girki a damina, ya shinshina kusurwoyi, idan kuma ɗakin na cikin jerin masu kallon juna ne da lungu a tsakiya, ya nemi izinin mai gida a fasa kafa mai raga a saman bangon baya, aikin da magini ke gamawa a yini guda. Matashin da ke koyon gini kuwa, a duk lokacin da mai gida ya ce a rage taga don a rage kuɗin alminiyon, yana da damar nuna masa cewa layi biyu na bulo mai huda a saman bango kusan kuɗinsu ɗaya da na bulon da ba shi da huda.